Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Adakar Malam

Assalamu alaikum. Makon jiya na ce zan ɗora daga shigata firamare a Tudun Wada, to ku yi haƙuri, tun daren Talata zancen adakar Malam ke ta yi min yawo a ka, in ban sauke shi ba ba zan iya rubuta komai ba.

Malam, Allah ya jiƙansa da rahama, kakana na wajen uba, zaurensa na cikin birnin Zariya ta wajen Ƙofar Kona. Bayan la'asar karatun manya ne, masu Risala da masu Askari kowa da nasa, mu yara ba ruwanmu. Amma daren Juma'a bayan isha'i na sira ne, a nan ake barinmu mu raɓe a gefen buzunsa, fitilar ƙwai a tsakiya. Ina ɗan shekara tara wata rana gajiya ta sa na miƙe ƙafa, ko kallona bai yi ba ya taɓa gwiwata da tasbaha ya ce "Tanƙwashe, ɗan nan. Ba a karanta sira da ƙafa a miƙe." Wallahi har yau in na buɗe littafin tarihin Manzon Allah (SAW) sai na ji sanyin tasbahar nan a gwiwata.

Duk labaran da ya ba mu, Badar da Uhudu da hijirar Habasha, har da shigowar Malam Musa Zazzau da tuta da fitar Sarki Makau zuwa Zuba, babu wanda ya zauna min kamar Hudaibiyya. Shekara ta 6 bayan hijira, watan Zulƙida, sahabbai wajen 1,400 sun ɗauro harami za su yi umara, ga dabbobin hadaya a gaba, Ƙuraishawa suka tare hanya. Aka tura Sayyidina Usman cikin Makka, jita-jita ta zo wai an kashe shi, aka yi mubaya'a a gindin bishiya. Sai Suhailu ɗan Amru ya zo sulhu, Sayyidina Ali ne ke riƙe da alƙalami. Aka rubuta bisimilla cikakkiya Suhailu ya ce bai san wannan ba, aka sauya. Aka rubuta Muhammadu Manzon Allah ya ce da sun yarda da haka ai da ba a yi faɗa ba, a sa Muhammadu ɗan Abdullahi. Sayyidina Ali ya kasa gogewa, Annabi (SAW) ya ce a nuna masa wurin, ya goge da hannunsa mai albarka.

A nan Malam kan yi shiru ya cire tabarau ya ɗora a kan littafin. In ya zo kan Abu Jandal kuwa, ɗan Suhailun da kansa, wanda ya kuɓuto daga Makka yana jan mari a ƙafa ya faɗo tsakiyar Musulmi amma dole aka mayar da shi saboda sharaɗin da aka yarda da shi, muryarsa rawa take, har dattawan da ke bakin ƙofa sai ka ga suna share ido da hannun riga. Ni a lokacin haushi nake ji irin na yaro, ina cewa a raina don me za a yarda, sai Malam ya ce mana ai Sayyidina Umar ma sai da ya tambaya, kuma a hanyar komawa Madina Suratul Fathi ta sauka ta kira abin buɗi mabayyani. Shekara biyu tsakani aka shiga Makka da mutum 10,000.

To Malam ya rasu ina sakandare. Adakarsa ta katako mai kwaɗo biyu, cike take da littattafai, wasu bugun Misira takardarsu ta yi ja, wasu rubutun hannu a cikin gafaka, kusan kowane shafi akwai ajaminsa a gefe. Da aka zo rabon gado na buɗe baki na roƙi ko da littafin sirar nan guda ɗaya, Baffa ya dube ni a gaban mutane ya ce "Ɗan boko me zai yi da littafin Malam?" Na ce "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ai a gabansa na ji shi." Ya ce in tashi in ba manya wuri. Ya sa aka kinkimi adakar aka kai ɗakin shirgi aka kulle, shi bai karanta ba, bai ba almajiran Malam ba, bai bar wanda zai karanta ya taɓa ba.

Daren nan Inna ta same ni a soro ina kuka ta ce "Ka bar masa, ƙanen ubanka ne, ko ka manta abin da kakanka ke karanta muku?" Ba wai ina kwatanta rigimar gidanmu da al'amarin Annabi ba, a'uzubillahi, amma ita ta tuna min, kuma na bari. Sai dai barin da na yi na baki ne, zuciya ba ta bari ba, gaskiya ɗaya ce. Sai da na girma na koma zaure da ƙafata wajen wani tsohon almajirin Malam, na fara daga Ahalari kamar ƙaramin yaro, sannan na gane tanƙwashe ƙafar da yake nufi ba ta gwiwa kaɗai ba ce. Suhailun nan da na tsana ina yaro, ashe ya musulunta bayan buɗe Makka, kuma da Annabi (SAW) ya yi wafati shi ya miƙe ya tsayar da mutanen Makka a kan addini. Malam ya sha faɗa mana wannan, kunnena ne bai ɗauka ba.

Wata damina bayan na yi aure katangar ɗakin shirgin ta zube, aka ciro adakar. Ina wurin aka ɓalle kwaɗon. Gara ta gama da su, ƙasa ce kawai ja da guntayen fata, Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati. Na sa hannu na tona har ƙasan adakar na samu rabin littafin sirar, farkonsa da ƙarshensa sun tafi, amma ajamin Malam na nan a gefen wasu shafuka da tawadarsa ta zige. Baffa yana tsaye bai ce uffan ba, ni ma ban tambaye shi ba, na naɗe shi a cikin rigata na fita.

Yana nan a leda a cikin durowata. Daren Juma'a nakan ɗauko in tara yarana, babban nasu in ya miƙe ƙafa ina taɓa masa gwiwa. Baffa ya tsufa yanzu, ido ya tafi, duk Sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi ya sa min albarka, shekara da shekaru zancen adakar bai taɓa shiga tsakaninmu ba, kuma har yau ina jira ya fara.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai zancen Tudun Wada.