Gafakar Kakanmu a Aboabo

Bayan damina ta ɗauke ne Kawu ya sauko da gafakar kakanmu daga saman sif, a gidanmu na Aboabo a Kumasi. Yana kwance igiyar, warin danshi ya tarbe mu. Gara ta ci gefen wasu takardun, jar tawada kuma ta malala kan baƙa. Nan take na ce zan ɗauki hotonsu da waya kafin mu wayi gari babu komai.

Gaggawa ta ja mini asara tun ranar farko. Littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, ba su da lambar shafi. Na baza su a tabarma ina neman haske, iska ta shigo ta taga ta cakuɗa su. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗora yatsa a ƙasan wata warƙa ya ce, "Kai yaro, dubi nan." Ashe marubuci kan ajiye kalma ɗaya a ƙasan shafi, wadda ita ce ke buɗe shafi na gaba. Kwana huɗu muka yi muna bin kalmomin nan, shi yana karantawa, ni ina jerawa.

Sai kuma WhatsApp. Na tura wa ƙanena hotunan a Accra, na goge na wayata don samun wuri. Manhajar ta matse su, ɗigon nan na ƙarƙashin harafi da ke ba da sautin "e" a ajami ya dusashe, har ba ka bambance shi da tabo. Dole na sake ɗauka daga farko. Yanzu kowane hoto yana da suna da lamba, yana kwamfuta, yana filashi, yana intanet.

A cikin gafakar akwai waƙar Hausa da Kawu ya ce ta Alhaji Umaru ce, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Irin waɗannan rubuce-rubuce ne su Ivor Wilks, masanin tarihi ɗan Birtaniya, suka riƙa arowa daga malamai a shekarun 1960, a kwafa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, a mayar wa masu su. Mayarwar nan ta burge ni ƙwarai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne muryar Kawu. Hoto ba ya faɗin wanda ya kwafi waƙa, ko yadda ake rera ta. Don haka nake kunna rikoda duk lokacin da ya ɗauki warƙa. Da muka iso kan laƙanoni ya rufe su da tafin hannu ya ce waɗannan ba na nuna wa duniya ba ne, ni kuma na ajiye wayar.

Warƙa uku har yau ba mu gano mazauninsu ba. Kawu ya ce mu kai wa wani abokin karatunsa a Asawase ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.