Ɓeran da ya sa aka maido ni gida

Watana huɗu da sauka Edinbara, babban birnin Scotland a Birtaniya, abin ya faru, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da asuba na tarar tarkon da na ɗana bayan firij ya kama ɓera. Na ɗaga shi ta wutsiya na jefa a shara, na wanke hannu, na bi bas zuwa cibiyar binciken da nake aiki, inda ake gwaji da ɓeraye. Lokacin shan shayi na kawo labarin ina dariya, don dai a san ni ma ina da bakin hira, tunda wata huɗu ban wuce gaisuwa da kowa ba. Ba wanda ya ko murmusa. Shugabar sashenmu ta ajiye kofi ta ce, da hannuna na taɓa shi? Na ce e. Ta karɓi katin shigata, ta ce kada ƙafata ta taka ɗakunan dabbobi sai bayan awa 48. A gaban kowa, har da wata yarinya da na girme wa da shekara goma sha.

Ni fa likitan dabbobi ne. Shekara shida na yi a jami'a, na karɓi haihuwar shanu da tsakar dare, ana ce mini Dakta. A nan kuwa aikina canza keji, cika kwalaben ruwa da auna nauyin ɓeraye. Halittar da tun ina yaro nake bi da takalmi, ita ce a nan take da doka tun 1986, sai da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida ake tsira mata allura. A bas ɗin komawa na gama yanke hukunci cewa don ni baƙo ne aka yi mini haka.

Kwana biyun nan a ɗaki na yi su, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu. Haushi ya sa na buɗe takardun da aka ba ni ranar farko ban karanta ba. Ashe ɓeran gida yakan ɗauko bairas iri-iri, ciki har da wani ɗan dangin korona mai kama hantar ɓeraye, kuma in ya shiga ɗaki sai ya bi keji-keji. Namu na gwaji kuwa ba a so su ɗauki wata cuta bayan wadda aka ɗora musu.

Cutar firayon muke bi. Ba ƙwaya ce mai rai ba, furotin ne na jiki da ya naɗe a karkace, duk ɗan'uwansa da ya taɓa sai shi ma ya karkace, har ƙwaƙwalwa ta yi ramuka kamar soso. Wani masani Ba'amurke, Stanley Prusiner, ya raɗa mata suna a 1982. Mutanen nan sun san ta a tumakinsu tun ƙarni na 18, tunkiya ta yi ta goga jiki a shinge har gashi ya zube. Sai ga haukan shanu a 1986, sannan a 1996 gwamnati ta amsa cewa da alama ya tsallaka zuwa mutane. An yanka shanu sama da miliyan huɗu, mutum 178 suka rasu a Birtaniya. Shi ya sa ba sa wasa. Tafasa ba ta kashe abin nan, almakashin da ya taɓa shi sai an turara shi a zafin digiri 134.

Inda ɓerana ya shigo shi ne nan. Ɓeran da aka sa wa nau'in firayon da ake kira ME7 yakan yi kusan wata shida kafin cutar ta kai shi ƙasa, amma tun da wuri ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwarsa suna cikin shiri, kamar maigadin da ya riga ya tsorata. Masu bincike a Sawthamton ta Ingila da Dabilin ta Ireland sun nuna cewa in aka yi wa irin wannan ɓera allurar da ke sa jiki ya ɗauka bairas ne ya shigo, yakan galabaita fiye da lafiyayye nesa ba kusa ba, in kuma aka maimaita, cutar ƙwaƙwalwar ta ƙara sauri. A tsibirin Sardiniya na Italiya an ga tumakin da bairas ya kumbura wa hantsa suna tara firayon a hantsar. A Zurik ta Switzerland an ga ɓeraye masu kumburin ƙoda suna fitar da shi a fitsari. Wato da na shigar da wani abu a hannun rigata, aikin wata shida na mutane da yawa ya tashi a banza, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya jawo me.

Na gane shugabar tana da gaskiya. Amma ai da ta ja ni gefe.

Akwai gwajin da nake yi duk mako. Ana cika bututu da ƙwayoyin abincin ɓerayen a sa a keji. Lafiyayyen ɓera ba ya iya haƙuri, sai ya tone shi tas ya watsar. Mai firayon kuwa, tun yana tafiya daidai, gashinsa sumul, sai ka ga ya leƙa bututun ya juya ya kwanta. Ni ke auna abin da ya rage in rubuta.

A daren na biyu Yaya ta kira. Baba ya yi zazzaɓi makon da ya wuce, an yi magani ya sauka, amma tun daga nan bai koma yadda yake ba. Da ma mantuwa ta fara kama shi kafin in taho, yana neman hularsa tana kansa. Yanzu ya daina kunna rediyonsa, mutumin da ba ya kwana sai da ita a kunne. Ta ce bara ma da ya yi mura haka aka yi, ya sauka mataki ɗaya bai hau ba. Ciwon Baba ba firayon ba ne, na sani, amma tana magana bututun nan nake gani.

Na ce, "Yaya, don Allah ko tari ya fara ku kai shi asibiti ranar, kada a jira. Kuma yaran da ke mura a hana su kwana ɗakinsa." Ta ce in zo in hana su da kaina, ita da ke wanke shi tana ba shi abinci ba ta buƙatar umarni daga Turai. Na yi shiru, don ban da amsa.

Ta miƙa masa wayar. Na ce, "Baba, barkanku da dare, ya ƙarfin jiki?" Ya amsa da sunan ƙanena da ya rasu shekara tara da suka wuce, ya ce in dawo da wuri kafin a rufe ƙofa. Na ce to, Baba, ga ni nan tafe.

Da safe na je na karɓi katina. Shugabar ta tambaye ni ko na toshe ramin bayan firij ɗin. Na ce na toshe.