Awarwaron Hajiya da lissafin gwal na 1980

Kawuna ne ya ɗora mini aikin, don ni ke riƙe da takardun gida tun rasuwar Hajiya. A 2001 ya ranci awarwaronta na gwal ya sayar, ya tada jari. Yanzu ƙarfi ya fara ƙarewa, ya ce ba zai kwanta dama da haƙƙin magada a wuyansa ba. "Ɗana, ka lissafa mini nawa ne yau." Abin da ya riƙe a kansa kuɗin da aka ƙirga masa ne kawai. Giram nawa ne, karat nawa ne, babu wanda ya rubuta. Nan duk wahalarmu ta fito.

Hajiya ta sayo su ne a aikin hajjin 1980, kuma a gidanmu an daɗe ana cewa ta ci riba mai yawa. In da naira za ka auna, haka ne. A 1980 dala ɗaya wajen kobo 55 ce, oza ɗaya ta gwal, wato giram 31.1, tana sama da dala 600. A 2001 dala ta haura naira 100, ozar kuma tana wajen dala 270. Ka buga lissafin, za ka ga kuɗin gwal ɗin a naira ya ninka kusan sau 80.

Da na koma kan dala sai jikina ya yi sanyi. Gwal ɗin ya faɗi ƙasa da rabin kuɗinsa, alhali farashin kaya a Amurka ya ninka fiye da biyu a tsakanin. Ke nan abin da ozar za ta iya saya a can ya koma kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wancan ninkin da muke alfahari da shi faɗuwar naira ce tun daga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da tsadar kayan da ta wuce kashi 70 cikin 100 a 1995 kaɗai. Awarwaron sun kare ta daga wannan ɓarnar, amma ba su ƙara mata komai ba. Ta saya a shekarar da gwal ya kai dala 850 a watan Janairu, farashin da bai sake takawa ba sai 2008, Kawu kuma ya sayar dab da ƙasan rijiya. Dala 850 ɗin nan ma, a kuɗin yanzu, ta haura 3,000, kuma sai a Maris 2025 gwal ya tsallake 3,000.

Duk wannan bai ba ni amsar Kawu ba. Malamin da muka je wa a cikin birni ya ce rancen abin da ake aunawa da irinsa ake biya, gwal da gwal, nauyi da nauyi. To ina nauyin? Mai shago ya sha cire kuɗin ƙira in zai saya, ga shi ba mu san ko ya taya da arha ba, don haka juya tsohuwar nairar zuwa giram zato ne kawai. Da an rubuta layi ɗaya a bayan littafi, da ya raba mu da wannan, har yau abin yana cina.

Allah ya taimake mu da Gwaggo, wadda suka yi hajji tare suka sayi iri ɗaya. Ta kwance nata daga ƙullin wani tsohon ɗankwali, muka kai Sabon Gari aka ɗora a sikeli. A cikin kowanne akwai tambarin 875 da ya kusa gogewa, wato karat 21. Kawu ya ga adadin ya yi shiru, sannan ya ce a ba shi zuwa bayan kaka.

Ranar na tara 'yan'uwana mata, kowa ta kawo sarƙarta da 'yan kunnenta, aka auna, na rubuta giram da karat da shekarar saye, kwafi biyu.