Abin da ƙarin layukan waya ya koya mini a Aboabo

Kamfanin da nake kula wa da kwamfutoci da wayoyi, shinkafa da man girki da sukari yake sayarwa a kan sari. Babban ofis yana Aboabo a Kumasi, sito yana wajen Asokore Mampong, shago kuma a Adum. Shekara da shekaru wayoyin tebur 24 ne a ofis, dukansu a haɗe da wani tsohon akwatin PBX na Panasonic, wato na'urar da ke haɗa wayoyin ofis da juna da kuma layukan waje, da aka kafa a bangon ɗakin akanta. Da Alhaji ya buɗe reshe a Akara, ya kuma ƙara ma'aikata, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, so nake in ɗaga waya a nan in danna lamba, yaron sito ko na Akara ya amsa, ba sai na sa kati ba." Na ce, "An gama, Alhaji." Ban ko tsaya tunani ba, don a ganina lissafin bai da wuya: mutum 60, waya 60.

Tsohon akwatin ya cika, babu gurbin ƙara wasu wayoyi, Panasonic kuwa tun a ƙarshen 2020 suka sanar za su daina yin irin waɗannan na'urori. Sai na koma tsarin da murya ke bi ta igiyar kwamfuta. Na ɗora Asterisk da FreePBX, manhajojin da ke yin aikin akwatin PBX, a kan wata ƙaramar kwamfuta, tunda su ba a biyan lasisi a kan kowace lamba, na ja igiyar Cat6 ina kiyaye kada ko ɗaya ta wuce mita 100, na haɗa rassan ta intanet. Lambobi na mayar da su uku-uku: ɗari da wani abu Aboabo, ɗari biyu sito, ɗari uku Adum, ɗari huɗu Akara. Dattawan ofis sun ɗan yi gunaguni a kan lambobin da suka haddace, na rubuta musu sunaye a jikin maɓallan waya, magana ta wuce.

Ranar Asabar muka gwada, kowace waya ta yi ƙara, Alhaji ya kira Akara ya yi hira har da tambayar ko an yi ruwa. Ranar Litinin da hantsi aka fara nemana ta wayar hannu. 'Yan kasuwa daga Techiman da Tamale da Bawku suna cewa sun buga sun buga, layi a cike. Na buɗe rajistar kira a kwamfuta, ban ga komai ba, duk kiran da ya shigo an amsa shi. Har na fara raya wa zuciyata cewa matsalar daga can wajensu take.

Hajiyar da ke teburin karɓar baƙi ce ta warware mini. Ta girme ni nesa ba kusa ba, ta kuma fi kowa daɗewa a kujerarta. Ta ce, "Malam, da ka tambaye ni tun farko. Ƙofa nawa ka ƙara wa gidan?" Ban gane ba sai da ta nuna mini layukan waje. Huɗu ne, kamar yadda suke tun da. Da can ita ce ke riƙe da su, tana sallamar mai tambayar farashi cikin minti ɗaya, tana hana yara kiran waje da safe. Ni kuwa na ba mutum 60 damar danna tara su fita kai tsaye. Mutum huɗu na ɗaga waya, duk wanda ya bugo daga waje ya tarar da ƙofa a rufe. Shi kuma wanda ya ji layi a cike, kiransa bai taɓa isowa na'urarmu ba, shi ya sa rajista ba ta san da shi ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don kowane kira irin wannan buhunan shinkafa ne da wataƙila aka je aka saya a wani wuri.

Safiya uku na ja kujera na zauna kusa da ita da littafin rubutu. Tana da nata littafin mai bangon shuɗi da take rubuta waɗanda suka yi ƙorafi ta WhatsApp, muka haɗa da nawa. Tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma ne wutar ke kamawa, musamman Litinin, ta kuma gargaɗe ni cewa makon da ake shirin azumi abin yana ninkawa saboda sukari da mai. Lissafinmu ya nuna mutum 12 zuwa 13 ne ke bukatar layin waje a lokaci guda. Da wannan adadi na je wa Alhaji, muka karɓi layin SIP, wato layin waje da ke bi ta intanet, mai ɗaukar kira 15 a lokaci guda daga kamfanin sadarwa mai lasisi. Wani abokina ya ce in sayi akwatin da ake jera wa katunan SIM, zai fi araha. Na ƙi. Hukumar NCA mai kula da sadarwa a Ghana ta daɗe tana farautar masu karkatar da kiran ƙasashen waje da irin wannan akwati, ba na so a ga ko mai kama da shi a ofishinmu.

Muryar kiran Akara ma ta riƙa yankewa, amma wannan matsalar ba ta ba ni wahala ba. Kira ɗaya da G.711, tsarin da ke aika murya ta intanet, bai kai kilobit 90 a daƙiƙa ba, kira goma ma ba su cika megabit ɗaya ba. Fifiko kawai na ba murya a kan masu sauke bidiyo, ta daidaita.

Matsalar da ta hana ni barci ita ce ta sito. Kullum da almuru, dab da kiran sallar Magariba, wayoyi uku ko huɗu sai su mutu su sake tashi. Mai gadi ya rantse ba wanda ke taɓa su. Na canza igiya, na canza waya, na zargi wutar lantarki duk da akwai UPS, batirin da ke riƙe na'urori idan wuta ta ɗauke. A rana ta biyar na ɗauki tabarma na zauna gaban akwatin suwic, inda igiyoyin wayoyi suke haɗuwa, tun La'asar ina kallon 'yan fitilunsa. Duhu na fara shiga, sai na ji kyamarar da ke bakin ƙofa ta yi ƙas, jajayen fitilunta na ganin dare suka kunnu, nan take wayar da ke gefena ta ɗauke. Wayoyin ta cikin igiyar suwic suke shan wuta, kyamarori takwas ma haka. Ni ramukan suwic na ƙirga, na ga akwai 24, ban duba cewa wutar da zai iya rabawa gaba ɗaya wat 120 ce ba. Da rana tana isa da ƙyar. Da dare kyamarori na ƙara ja, sai ya yanke wa na ƙarshen layi. Washegari na raba su, kyamarori da nasu suwic, wayoyi da nasu.

Yanzu Alhaji yana maganar buɗe sito a Tamale, ya ce waya goma za ta isa. Na ce masa ya ba ni mako biyu kafin in kawo farashi. Na riga na gaya wa Hajiya ta ajiye mini kujera ranar Litinin da ƙarfe takwas, ta kuma zo da littafinta.