Gonar da ake shuka ɗan'uwan ƙuduji da gangan

Kusan awa guda jirgin ƙasa ya yi da mu daga tashar Victoria ta Landan zuwa Horsham, a yankin Sussex ta Yamma da ke kudancin Ingila. Ɗiyar yayata ce ta ja ni. Aikinta shi ne zagaya gonaki tana ƙirga ciyayi da furanni, ni kuwa na daɗe ina yi mata tsiya cewa wannan ba sana'a ba ce. Ranar wata Asabar cikin Yuli ta ce, "Kawu, sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, yau za ka gani da idonka."

Daga Horsham muka shiga mota, muka bi wasu siraran hanyoyi da shingen itatuwa ya rufe ta kowane gefe. A hanya ta warware mini zancen. Ingila ta yi dokar muhalli a 2021, kuma tun 12 ga Fabrairun 2024 duk mai babban gini sai ya nuna cewa halittun da aikinsa zai kora, zai mayar da su har da ƙarin kashi 10 cikin 100. Idan filinsa bai isa ba, sai ya sayi maki, wato ma'aunin da ake auna amfanin fili ga halittu da shi, a wurin manomin da ya yarda ya mayar da gonarsa mazaunin tsirrai da ƙwari da tsuntsaye na aƙalla shekara 30. Wanda ya rasa mai sayar masa ya koma wa gwamnati, ita kuma ta tsuga kuɗi da gangan, daga fam 42,000 zuwa sama, don kada kowa ya mayar da ita hanyar sauƙi.

Manomin da muka je wurinsa dattijo ne, furfura ta gama cin kansa. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya wuce da mu wani fili da ya ce kakansa ma alkama yake shukawa a ciki. Ni dai saura na gani, irin wadda za a ce mai ita ya yi ƙaura. Ƙasar laka ce mai nauyi, da rani ta tsage, da sanyi ta kama takalmi. A ma'aunin gwamnati, hekta ɗaya ta gonar hatsi maki 2 ce kacal. Idan ta zama makiyaya mai furanni iri-iri makin ya ninka, kuma bambancin da ke tsakani shi ne hajar da ake sayarwa. Ana rage wani abu saboda shekarun da wurin zai ɗauka kafin ya kai, a kuma rage idan mai sayen yana nesa: kwata idan a maƙwabciyar gunduma yake, rabi idan ya wuce nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce babban aikinsa yanzu talauta ƙasar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ban ji daidai ba?" Ya yi dariya. Shekara da shekaru ana zuba taki, sinadarin fosforas ya taru, kuma ƙasa mai ƙarfi ciyawa mai ƙarfi take haifarwa, ta danne furannin da ake nema. Don haka yake yanke ciyawar a ƙarshen bazara ya kwashe ta kaf, ba ya barin ta ruɓe a wurin, ya sake yi baɗi, ya sake yi baɗin baɗaɗa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ciyar da ƙasa, yau shi ke sa ta azumi.

Sai ya sunkuya ya tsinko wani busasshen tsiro, ya kaɗa mini a kunne, 'ya'yan ciki suka yi ƙara kamar caki. Furensa rawaya ne, saiwarsa kuma kan manne a saiwar ciyawa ta tsotse ta har ta yi laushi, furanni su sami wurin fitowa. Ɗiyar tawa ta ce, "Kawu, dangin ƙuduji ne fa, gidansu ɗaya." Na riƙe baki. Abin da manomin ƙasarmu ke gani gabansa ya faɗi, ga ɗan'uwansa ana sayen irinsa da kuɗi ana watsawa. Ta ce kusan kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan makiyayu sun ɓace a ƙasar tun daga shekarun 1930, shi ya sa ake lallaɓa abin da ya rage.

A ɗakin girki ya ɗora mana wani kundi mai kauri a kan tebur. Taswira ce, da sakamakon awon ƙasa, da jadawalin wace shekara za a yi me, da ranakun da masu dubawa za su zo. Akwai yarjejeniya da ƙaramar hukuma, wadda ke bin ƙasar ko an sayar da ita ko an gaje ta, sannan sai Natural England, hukumar gwamnati mai kula da muhalli, ta sa filin a rajista kafin makin ya shiga lissafin wani gini. A nan ne na daina ganin abin a matsayin banza ta faɗi. Kuɗin yawanci a farko suke zuwa, aikin kuwa na shekara 30 ne, ga tsadar mai da ta ma'aikata ba sa jiran kowa. Wanda ya ci kuɗin a shekara biyar ya bar wa magadansa yankan ciyawa kyauta. Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ce sai da ya zaunar da 'yarsa ta karanta kundin shafi-shafi kafin ya sa hannu, domin ita za ta ga ƙarshensa.

Da la'asar muka ratsa ta Knepp, wadda ba ta da nisa, gonar eka 3,500 da masu ita, Charlie Burrell da Isabella Tree, suka daina nomawa a farkon shekarun 2000 suka saki shanu da aladu da dawaki a ciki. A can ne farar shamuwa ta ƙyanƙyashe a 2020, bayan ɗaruruwan shekaru ba ta yi haka a Birtaniya ba. Mun hango biyu a kan wata katuwar bishiya, muka tsaya kallo har jirgin da muka yi niyyar hawa ya tafi ya bar mu.