Haƙoran roba ko dashe?

Yau wani dattijo ya zare haƙoran robansa na ƙasa, ya ce, "Likita, da can daram suke, yanzu ko magana nake sai sun yi rawa." Robar lafiyarta ƙalau, ƙashin muƙamuƙin ne ya zaizaye. Da zarar an cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwarsa yakan fara janyewa. Faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi a shekarar farko, galibi cikin wata 3. Haƙoran roba a kan dasashi kawai suke zaune, ba sa hana wannan, shi ya sa ake yi musu ciko lokaci-lokaci.

Dashe kuwa ƙusar titaniyam ce ake murɗawa cikin ƙashi, a jira wata 3 zuwa 6 ta haɗe da shi, sannan a ɗora haƙorin. Nauyin tauna yana komawa kan ƙashin, sai zaizayar ta ragu. Amma fa yana son ƙashi mai kauri, in babu sai an yi ƙari. Shan taba da ciwon suga da aka yi sakaci da shi suna iya hana shi kamawa, rashin goge baki kuma yana kawo kumburin da ke cin ƙashin gefensa. Mai matsala irin ta dattijon nan, sau da yawa ƙusa 2 a gaban muƙamuƙin ƙasa sun isa a maƙala robar ta daina motsi. Abin da ya tsaya min a rai, ranar cire haƙori ya kamata a fara wannan magana, tun ƙashin yana nan.