Inda na kai wajen gane injin Hilux

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Tun da damina ta ɗauke maigida ya kafa mini doka a garejinmu da ke wajen Tashar Dukku, nan Gombe: duk Hilux ɗin da ta shigo, ba zan ɗauki sifana ba sai na faɗa masa injin da ke cikinta, na kuma nuna masa inda na gani. "Mai mota ya ce" ba amsa ba ce a wurinsa. Yanzu dai hannu ya fara faɗawa, shi ya sa na ce bari in rubuta muku.

Da farantin kamfani nake farawa. A tsofaffin yana cikin bonet, a na baya-bayan nan kuma takarda ce manne a ginshiƙin ƙofa. Layin da ke ɗauke da lambar samfuri shi ne abin dubawa, don haruffan farko kaɗai sun gaya maka dangin injin. TGN na dangin TR ne, mai shan fetur. RZN na dangin RZ, shi ma fetur. KUN dizal ne na dangin KD, GUN kuma sabon dizal na GD da ya zo a 2015. LN da LAN su ne tsofaffin dizal irin su 3L da 5L. Lambar da ke biye ita ke raba 'yan gida ɗaya: KUN25 na ɗauke da 2KD mai lita 2.5, KUN26 kuma 1KD mai lita 3.0. Haka GUN125 na ɗauke da 2GD mai 2.4, GUN126 kuma 1GD mai 2.8. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana da nata labarin: in ta fara da MR0 ƙirar Tailan ce, AHT ta Afirka ta Kudu, JT ta Japan.

Wannan duk hadda ce, yaro ma zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne farantin yana faɗin abin da kamfani ya sa ne ranar da motar ta fito, ba abin da ke cikinta yau ba. Mu kuwa a nan, motar da ta yi shekaru tana jigilar masara da wake tsakanin Bajoga da Kumo, da wuya a ce ba a taɓa sauke mata inji an ɗora na Beljiyam ba.

Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo tasa, ya ce ba ta da ƙarfi, in ta ɗauki kaya a hawan Tula sai ya koma giya ɗaya. Farantinta TGN26, wato 2TR mai lita 2.7. An buɗe bonet, a ido komai daidai. Maigida ya ce, "Kai, shiga ka karanto mini bulo." Lambar injin tana gefen bulo, wato gangar jikin injin, a wani ɗan fili mai santsi da bai wuce faɗin yatsa biyu ba, kuma baƙin mai da ƙura sun yi mata ɓawo. Na jiƙa tsumma da kananzir na goge, na bi da burushin ƙarfe a hankali, sannan na haska tocilar waya daga gefe. Kada ku haska ta gaba, ba za ku ga komai ba. In hasken ya kwanta a karkace ne ramin haruffan ke yin inuwa su fito. Sai ga 1TR ɓaro-ɓaro. Injin lita 2.0 ke nan, wanda ya sayar masa da motar bai faɗa masa ba. Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam, yanzu ya za a yi?"

Ku lura da abin da hakan ke jawowa. Faɗin silindar 1TR milimita 86 ne, na 2TR milimita 95. Da an bi farantin an aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo gasket da zoben fistin, da kuɗin mota da na kaya duk sun tafi a banza, ga kuma rigimar mayarwa.

Akwai alamun ido da nake tarawa, duk da ba na yanke hukunci da su. 3RZ da 2TR girmansu ɗaya, amma bututun shaƙar iska na 3RZ na alminiyom ne, na 2TR baƙar roba ce, kuma 2TR na da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawuloli, 3RZ ba shi da shi. Shi kansa 2TR iri biyu ne: na farko na da bawul ɗin man VVT-i guda ɗaya mai soket a saman inji, wanda aka sabunta wajen 2015 na da biyu. Masu wayarin sun fi kowa damuwa da wannan, don soket ɗin da birenbos ɗinsu, wato kwamfutar inji, ba ɗaya ba ne.

Wata magana da ake yawan yi a tasha, wai duk Hilux mai hanci a bonet 3.0 ce, ni ban yarda da ita ba. Hancin nan iska yake kai wa na'urar sanyaya iskar tobo, kuma akwai 2KD masu ita. A dizal abin da ya fi muhimmanci ma shi ne ka san KD da L bel suke amfani da shi a taimin, GD kuma sarƙa. Bel ɗin KD a kilomita 150,000 ake canza shi, har fitila yake kunnawa a dashbod. Wanda ya ɗauka sarƙa ce ya ƙyale shi, ranar da ya tsinke bawuloli ne za su lanƙwashe.

Abin da ya rage mini shi ne 1GD da 2GD. Ba su cika shigowa garejinmu ba, masu su sun fi zuwa manyan wurare, kuma a ido kamar tagwaye suke. Na buɗe shafi a littafina, kowace mota layi uku: abin da faranti ya ce, abin da bulo ya ce, abin da mai mota ya ce. Wanda ke da GUN a garejinsu, a Gombe ko Bauchi, don Allah ya ɗauko mini hoton inda lambar bulonta take, ya haɗa da na farantin.